Barkwanci a Sararin Samaniya: Sharhi Kan Ƙagaggun Labaran Kimiyya Masu Ban Dariya da Makarancinsu a Arewacin Togo

Akwai wani nau'in littafi da ake yawan yi wa gurguwar fahimta a tsakanin Hausawa, har da waɗanda karatu ya ratsa. Shi ne littafin da za a buɗe a tarar da kumbo, da na'ura mai magana, da baƙin halittu daga wata duniya, amma maimakon tsoro sai mai karatu ya riƙa tuntsira dariya. Wasu na ɗaukar sa tatsuniya ce aka sa wa rigar boko. Wasu na ganin kutse ne cikin gaibu. Wasu kuma, musamman iyaye da malaman makaranta, na ganin ai duk abin da ke ba da dariya na yara ne, babba mai hankali ba ya ɓata lokacinsa a kai. Wannan ruɗani ya fi ƙarfi a wuraren da littafin Hausa ba ya isa sosai, irin su zangon Sokode da na Dapaong a ƙasar Togo, inda matashi ke magana da Hausa a gida da kasuwa amma abin da zai karanta sai da Faransanci ko Larabci.

Me ake nufi da waɗannan kalmomi

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne labarin da marubuci ya ƙirƙira, ya gina abin mamakin da ke cikinsa a kan ilimin kimiyya ko fasaha, ko dai wanda ake da shi yanzu ko wanda ake hasashen za a iya kaiwa gare shi. Faransawa na ce masa "science-fiction", Larabawa kuma "al-khayal al-ilmi". Bambancinsa da tatsuniya da labaran aljanu yana wajen dalili. Idan jarumi ya tashi sama saboda zoben sihiri, wannan almara ce. Idan ya tashi saboda wani injin da aka ƙera, ko da injin bai taɓa wanzuwa ba, an shiga fagen kimiyya. Littattafan yaƙi da matsafa da suka cika kasuwar Kano tun shekarun 1990 suna cikin rukunin farko ne, duk da cewa masu saye kan haɗa su wuri ɗaya.

Kumbo shi ne jirgin da ke fita daga sararin duniyarmu. Saƙago, ko mutum-mutumi, na'ura ce da ke aiki irin na ɗan Adam. Kalmar "robot" da Turawa ke amfani da ita ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, na shekarar 1920.

Ɓangaren dariya kuma hawa-hawa ne. Akwai raha, wadda burinta nishaɗi kawai. Akwai zambo da habaici, inda ake dariya amma da wanda ake nufi. Mafi yawan fitattun littattafan wannan fanni na biyun suke yi, kuma wanda ake nufi kusan kullum ɗan Adam ne: ofishinsa, da sojansa, da malaminsa, da girman kansa.

Inda abin ya samo asali

Mutane da yawa na zaton Amurkawa ne suka ƙago wannan salo, saboda a can ne Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, wadda ta mayar da labarin kimiyya haja ta musamman. Amma dariyar ta girmi mujallar da ɗaruruwan shekaru. Tun a ƙarni na 2 Miladiyya wani marubuci ɗan yankin Sham, Lukiyanus na Samosata, ya rubuta labarin jirgin ruwa da guguwa ta ɗauka ta kai wata, inda matafiyan suka tarar ana yaƙi tsakanin sarkin wata da sarkin rana. Manufarsa ita ce ya yi wa marubutan tarihi masu ƙarin gishiri shaguɓe, kuma tun a gabatarwa ya shaida wa mai karatu cewa duk abin da zai faɗa ƙarya ne.

A Faransanci, wanda shi ne harshen makaranta a Togo, jerin yana da tsawo. Littafin Cyrano de Bergerac da ya fito a 1657 ya nuna mutumin da ya ɗaura kwalabe cike da raɓa a jikinsa don rana ta ja shi sama. A 1752 Voltaire ya fitar da Micromégas, labarin wani ƙato daga wajen tauraron Sirius da ya ziyarci duniyarmu, ya ɗauki jirgin ruwa cike da masana a tafin hannunsa, sai da gilashin ƙara girma ya iya ganin su. Da ya ji cewa waɗannan ƙananan halittu suna kashe juna dubbai a kan ɗan yankin ƙasar da bai wuce girman diddigensa ba, mamaki ya kama shi. Da zai tafi ya bar musu littafin da ya ce zai bayyana musu sirrin komai. Da aka buɗe sai aka ga farar takarda. Shi ma Jules Verne, wanda ake karantawa a matsayin mai hangen nesa, littafinsa na tafiya wata na 1865 ya fara ne da zolayar wasu maƙera igwa na Amurka da zaman lafiya ya gundura bayan yaƙin basasa, har suka yanke shawarar harba harsashi zuwa wata don kada sana'arsu ta mutu.

Musulmi da Larabawa ma ba a bar su a baya ba. A 1905 wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta wallafa gajeren labari mai suna Sultana's Dream. A ƙasar da ta ƙirƙira, maza ne ke cikin kulle, mata kuma ke mulki, suna girki da zafin rana da suka tara, suna yawo a motoci masu tashi. Ba ta yi wa'azi ba, ba ta zagi kowa ba. Juya al'amarin kawai ta yi, ta bar mai karatu da tunaninsa. A 1974 kuma Bafalasɗine Emile Habibi ya rubuta labarin wani bawan Allah mai suna Sa'id, wanda ke ba da labarin rayuwarsa a ƙarƙashin Isra'ila bayan ya yi iƙirarin cewa wasu halittu daga sama sun ɗauke shi.

Abin da makaranci ke mora

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na Douglas Adams, ɗan Ingila. Ya fara ne a matsayin wasan kwaikwayo a rediyon BBC a 1978, ya zama littafi a 1979, kuma Jean Bonnefoy ya mayar da shi Faransanci. A yau ana samun sa da sunan Le Guide du voyageur galactique. Yadda labarin ya fara ya isa ya nuna yadda salon ke aiki. Wani mutum, Arthur Dent, ya wayi gari ya ga motar rusau a ƙofar gidansa, domin hukuma za ta fitar da hanya. Da ya yi ƙorafi sai aka ce ai an kafa sanarwa tuntuni, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba fitila. Bai gama wannan rigima ba sai ga jiragen wasu halittu da ake kira Vogon sun rufe sama, suna shelar cewa za a rushe duniya baki ɗaya don fitar da babbar hanya tsakanin taurari, kuma sanarwar ta shekara 50 a kafe a ofishinsu da ke wani tauraro. Wanda bai je ya duba ba, shi ya so.

Duk wanda aka taɓa shafa wa jan fenti a katanga, ko ya yi sintiri a ofis yana neman takardar haihuwa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan dariya. Nan ne daɗin yake. Marubucin ya ɗauki ƙaramin zalunci na yau da kullum ya hura shi har ya cika sararin samaniya, sai wautar da ke cikinsa ta fito fili. A cikin littafin ne kuma aka gina wata kwamfuta da ta shafe shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafin amsar babbar tambayar rayuwa, ta ce amsar ita ce 42, sannan aka gane ba wanda ya san ainihin tambayar.

Marubucin Poland Stanisław Lem ya fi Adams zurfi, a ganina, ko da yake bai kai shi farin jini ba. A littafinsa Cyberiada na 1965 akwai wani injiniya, Trurl, da ya ƙera na'ura mai tunani mai hawa takwas. Da ya tambaye ta biyu a tara da biyu, sai ta ce bakwai. Ya gyara, ya sake gyarawa, tana nan a kan bakwai. Da ya fusata ya shure ta, sai ta tumɓuke daga gindinta ta bi shi da gudu tana rusa gari, don dole sai ya yarda da lissafinta. An rubuta wannan shekaru kusan 60 kafin manhajojin ƙirƙirarriyar basira su shigo wayoyin mutane suna ba da amsar kuskure da cikakken ƙarfin hali. Wanda ya karanta Lem ba zai yi saurin miƙa wuya ga duk abin da waya ta faɗa ba.

Wani abin morewa shi ne idon baƙo. Halittar da ta zo daga wata duniya ba ta san ladabinmu ba, don haka tana iya tambayar abin da ɗan gari ba zai iya ba: me ya sa wannan ke zaune wancan ke durƙushe, me ya sa ake bikin da ya fi ƙarfin aljihu. Al'adar wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ta tanadi irin wannan lasisi, inda abokin wasa zai faɗa maka gaskiya mai ɗaci ba damar ka yi fushi. Baƙon sama abokin wasan ɗan Adam ne gaba ɗaya.

Afirka da Hausa a cikin fagen

Mafi kusa da makarancin Togo shi ne Emmanuel Dongala na Kongo Brazabil, wanda masanin kimiyyar sinadarai ne. A tarin gajerun labaransa na 1982, Jazz et vin de palme, baƙin halittu sun sauka a Kongo, manyan ƙasashe suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya kowa na kawo irin maganin da ya saba, wannan ya ce a yi ruwan bama-bamai, wancan ya ce a tura tankokin yaƙi. A ƙarshe bammi da kiɗan jaz ne suka kwantar da baƙin. Musulmi zai ɗaga gira a kan bammin, amma ba zai kasa gane waɗanda ake yi wa dariya ba. Abdourahman Waberi na Jibuti kuma, a littafinsa na 2006 Aux États-Unis d'Afrique, ya juya taswira: Afirka ce mai arziki, Turawa ne ke kwararowa ci-rani suna neman mafaka.

A Hausa, littafin da aka fi ambata shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da abokinsa Kolin Koliyo wanda ya zo daga sama ya ɗauke shi yawo. Ɓangaren dariya kuwa ya riga shi kafuwa: tun 1934 Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya nuna yadda za a iya jan dogon labarin tafiya da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Abin lura shi ne turakun biyu suna nan, na Dembo da na Imam, amma adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980 ya karkata ne ga soyayya da zaman aure da yaƙi. Har Kano ta zama wurin harba kumbo a cikin littafi, wato After the Flare na Deji Bryce Olukotun na 2017, amma da Turanci aka rubuta shi.

Makaranci a Sokode da Dapaong

Sokode tana kimanin kilomita 340 arewa da Lome, ita ce hedikwatar yankin tsakiya, garin Kotokoli ne, waɗanda ake kira Tem, kuma yawancin mutanenta Musulmi ne. Dapaong tana can ƙurya kusa da iyakar Burkina Faso, sama da kilomita 600 daga Lome, a ƙasar Moba da Gurmawa. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ne ya fara kai Hausawa wannan yanki, kuma unguwar Didawure ta Sokode ta samo asali ne daga zaman fatake Musulmi. Rubutun Hausa ma ba baƙo ba ne a tarihin Togo. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salga sannan ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Togo ta Jamus, ya rubuta waƙoƙi da tarihi masu yawa da ajami kafin rasuwarsa a 1934.

Sai dai tsarin karatu na yau ya raba harshen baki da na takarda. Makarantar gwamnati da Faransanci take koyarwa. Harsunan gida biyu da aka ba matsayi na ƙasa a 1975 su ne Ewe da Kabiye. Makarantar allo da Islamiyya na ba da Larabci. Don haka yaron zango na iya sauraren sashen Hausa na BBC ko RFI ba tare da wahala ba, amma ba a taɓa zaunar da shi an koya masa karanta Hausar boko mai ƙ da ɗ da ɓ ba. Ƙofarsa ta shiga wannan fanni ita ce Faransanci: littattafan zane irin na Tintin, wanda tafiyarsa zuwa wata ta fito a 1953 da 1954 cike da shirmen Kyaftin Haddock da 'yan sandan nan biyu masu kama da juna, da Verne da Voltaire da ake samu a ɗakunan karatu na makarantu da cibiyoyin CLAC da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ke tallafawa. Ɗaya ƙofar ita ce fim, musamman na Indiya, irin su Koi... Mil Gaya na 2003 da PK na 2014, inda Aamir Khan ya fito a matsayin baƙo daga wata duniya mai yawan tambaya.

Kada a raina abin da littafi guda ke iya yi a irin wannan wuri. Tété-Michel Kpomassie yana matashi a kudancin Togo ya ci karo da wani littafi kan mutanen Girinlan a kantin littattafai; ya bar gida, ya shafe shekaru yana ratsa Afirka ta Yamma da Turai har ya isa can a 1965, kuma labarin tafiyarsa da ya fito a 1981 na cike da raha irin ta baƙon da ke kallon al'adar da bai saba ba. Sami Tchak, wanda ya ci babbar kyautar adabin Baƙar Fatar Afirka a 2004, ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye kusa da Sokode. A Lome kuma, a 2013, Afate Gnikou na cibiyar WoeLab ya haɗa na'urar ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci, har aka shiga gasar hukumar NASA da shawarar a kwashe irin wannan shara a kai duniyar Mars a yi gini da ita. Shawarar da gaske aka yi ta, amma ko Lem ba zai ƙi sa hannu a kanta ba.

Saɓanin ra'ayi

Hujja mafi nauyi daga masu adawa ta addini ce. Akwai hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma wasu malamai na shigar da duk ƙagaggen labari a ƙarƙashinsa. Wasu malaman kuma na cewa ƙarya ita ce a faɗi abu don a yaudari mai ji, alhali mai karanta ƙagaggen labari ya san ƙage ne tun daga bango. Suna kafa hujja da Maƙamatul Hariri, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, kuma gaba ɗayansa labarin wani ɗan damfara ne mai zaƙin baki, Abu Zaid, wanda bai taɓa rayuwa ba. Ra'ayin malamai na biyun ya fi gamsarwa. Amma gaskiya ne cewa Adams bai yarda da addini ba, kuma hakan na leƙowa a littattafansa. Voltaire ma ya sha gwabzawa da limaman coci. Wanda zai miƙa wa ɗan shekara 12 irin waɗannan ya kamata ya fara karantawa da kansa.

Hujja ta biyu ita ce ta halin da ake ciki. Tun harin da aka kai Kpekpakandi a watan Mayun 2022, da dokar ta-ɓacin tsaro da aka kafa a yankin Savanes, inda Dapaong take, a watan Yunin wannan shekara, mutanen Dapaong na da abin da ya fi kumbo damun su. Haka ne. Sai dai Lem ya rubuta nasa ne a ƙarƙashin mulkin gurguzu mai tace kowane shafi, Habibi a ƙarƙashin mulkin Isra'ila, Dongala kuma a ƙasar jam'iyya ɗaya. Inda ba a iya kiran sunan mai mulki, sarkin wata duniya kan ɗauki laifinsa.

Akwai kuma masu tsoron kada dariyar ta koma kanmu. A 1964 wani malamin makaranta a Zambiya, Edward Nkoloso, ya yi shelar zai riga Amurka da Rasha zuwa wata, yana horar da matasa ta hanyar gangaro da su daga tudu a cikin ganga. Jaridun Turai sun yi ta yi masa dariya. Marubuciya Namwali Serpell, wadda ta bi diddigin rayuwarsa, ta tayar da tambayar ko shi ne ma yake yi wa masu tseren sama shaguɓe. Wanda ya riƙe alƙalami shi ke zaɓar wanda za a yi wa dariya, kuma wannan dalili ne na mu rubuta, ba na mu ƙaurace ba.

Abin da zai iya biyo baya

Fassara kaɗai ba za ta wadatar ba, domin barkwancin Adams ya jingina da halayyar Ingilishi, kuma rabinsa kan zube a hanya. Abin da zai kama shi ne sabon rubutu: baƙon sama da ya sauka a babbar kasuwar Sokode ranar da ake rikicin canji, ko saƙagon da aka ɗauka aikin karɓar haraji a kan iyakar Cinkasse ya ƙi karɓar na goro. Waya ta sauƙaƙa rarrabawa, tunda marubutan Hausa sun daɗe suna sakin littattafai ta WhatsApp da Wattpad, kuma karanta littafi da murya, wanda gidajen rediyon Kano suka saba yi, na iya kai labari ga wanda bai iya Hausar boko ba. Haɗarin da ke ciki shi ne a tsaya a shirme zalla, a bar kimiyyar, a koma labarin aljanu da kayan ƙarfe.

Kira a nan ga marubutan Kano da Zariya da Maraɗi ne da su gwada wannan fage, ga masu shirya gasar rubutu su ware masa gurbi, ga NNPC kuma ta sa Tauraruwa Mai Wutsiya a inda mai waya a Sokode ko Dapaong zai iya saye ya karanta ko ya saurara.